Kwaɗon Zogale Ba Abincin Yunwa Ba Ne



Idan kin taɓa bin titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya miƙe zuwa Tambuwal da Jega, a tsakanin watan Janairu da Maris, ba sai an ba ki labari ba. Manyan motoci ne shaƙe da buhunan albasa, ga kwandunan tumatir da tattasai, ga karas da kabeji da latas da aka ɗebo daga fadama tun da sassafe. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da suka fi noman albasa a Nijeriya, har ƙasashen maƙwabta ake kai ta. A Shagari akwai madatsar ruwa da manoman rani ke ban ruwa da ita, kuma ɗan garin ne, marigayi Alhaji Shehu Shagari, ya ƙaddamar da babban shirin bunƙasa noma na ƙasa a 1980, lokacin yana shugaban ƙasa. Wato dai ƙasar nan ba baƙuwar lambu ba ce.

To amma ki bar bakin titi ki shiga cikin gida, ki buɗe tukunyar miyar dare. A gidaje da yawa abin da za ki tarar shi ne ruwa, da garin kuka cokali uku ko huɗu, da daddawa, da barkono, da dunƙule biyu. Wannan tukunyar ce za a raba wa mutum takwas ko goma, a gefen tuwon da ya cika kwano har ya yi tozo. Kayan lambu sun hau mota sun yi kudu. Kuɗinsu ne ya rage, shi ma idan ya samu shigowa cikin gida.

Jiki kuwa ba ya ɓoye abin da ake ba shi. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma kashi 68. A Jihar Sakkwato matan sun haura kashi 70. Haka kuma, a lokacin, fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Tsumburewa ba ta tsaya ga tsayi kawai ba, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da karatunsa, kuma abin da ya faru kafin ya cika shekara biyu yana da wuyar gyaruwa daga baya.

Kada mu ɗora wa miya laifin da ba nata ita kaɗai ba. Zazzaɓin cizon sauro yana shan jini, tsutsar ciki ma haka, ga gudawa, ga haihuwa kusa da kusa, ga tsadar da kowa ya san halin da ake ciki. Sai dai a cikin waɗannan duka, wanda yake hannunki safe da dare shi ne abin da ke shiga tukunya.

Nawa ne ake cewa a ci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba, da duk yaron da ya kai shekara 10, yana buƙatar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Yaro mai shekara 6 zuwa 9 giram 350, mai shekara 2 zuwa 5 giram 250. Ba mai ma'auni a madafa, don haka ki ɗauke shi a haka: giram 400 ɗin nan kashi biyar ne, kowane kashi kamar tumatir ɗaya madaidaici, ko karas ɗaya, ko gwaiba babba, ko dafaffen ganye cokalin cin abinci uku zuwa huɗu da tozo. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin, su 'yan'uwan tuwo ne wajen aikin da suke yi a jiki.

Yanzu ki koma kan miyar kukar nan. Cokali huɗu a raba wa mutum goma, kowa bai samu ko rabin cokali ba. Kuka ganye ce mai daraja, tana da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, kuma da yake busasshiya ce, kaɗan ɗinta yana da nauyi. Amma rabin cokali rabin cokali ne. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa, wadda Sakkwatawa ke cewa guro, an yi su ne don tuwo ya wuce maƙogwaro da daɗi, kuma suna yin aikinsu. Kuskuren shi ne a ɗauka an gama da batun ganye tunda an ci su.

Abincin da muke da shi wanda mutum zai zauna ya ci ganye da gaske, ya cika kwano ya cinye, shi ne kwaɗo.

Me ya sa aka raina kwaɗo?

Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san lokacin da tafasa da rama suka riƙe gidaje, hatsi ya ƙare a rumbu, ganyen daji ne ya kai mutane kaka. Wannan ya bar tabo. Har yau a wasu gidajen cin tafasa alama ce ta babu, ba a kai wa baƙo, amarya kuma tana jin nauyin a ce abin da ta ajiye wa maigida ke nan. Inda ba a raina shi ba kuma an mayar da shi abin marmarin mata da hantsi, a sayi na talla a ɗan taɓa kafin a ɗora girki. Ba a lissafa shi cikin abincin gida, ba a zuba wa yara nasu kwanon, maza kuma da yawa sai su ce wannan ai na mata ne.

Ki ƙetare iyaka ki ga bambanci. A Yamai da Maraɗi zogale amfanin gona ne da ake nomawa musamman don kasuwa, kuma da azumi dambun zogale da kwaɗonsa suna cikin abin da ake rububi, masu kuɗi da talakawa. Ganye ɗaya ne, ƙasa kusan ɗaya, darajar ce ta bambanta.

Da za ki ba masanin abinci aikin ya haɗa wa mace mai ƙarancin jini abinci daga abin da ke samuwa a Boɗinga ko Sifawa ko Dingyaɗi, da wuya ya wuce abin da kakanninmu suka riga suka haɗa. Ɗanyen ganyen zogale giram 100 yana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 9, abin da ba kasafai ake samu a ganye ba. Yana da sinadarin ƙarfe mai gina jini kusan miligiram 4, da kalsiyam kusan miligiram 185, wanda ya ɗara abin da ke cikin madarar shanu mai nauyi ɗaya, ko da yake jiki ya fi saurin ɗaukar na madara. Yana kuma da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A.

Ga inda hikimar take. Bitamin A na cikin ganye ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, sai ga ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa a cikin kwaɗon. Sinadarin ƙarfe na ganye kuma mai taurin kai ne, kaɗan daga cikinsa jiki ke iya ɗauka, ba kamar na nama da hanta da kifi ba. Abin da ke buɗe masa hanya shi ne bitamin C, sai ga ɗanyen tumatir da tattasai an yanka a kai. Idan kika matsa lemun tsami kin ƙara. Jan tattasai, wanda muke ɗauka kayan ado ne na miya, ya ninka lemun zaƙi bitamin C idan aka auna su nauyi ɗaya. Ƙuli-ƙulin kansa furotin ne. Kwano ɗaya madaidaici na kwaɗo zai iya ba ki kashi biyu cikin biyar ɗin nan na yini, da kuɗin da bai kai na lemun kwalba da biskit ba.

Haka kwaɗon rama yake, da na tafasa, da na yaɗiya, kowanne da gwargwadon nasa. Alayyahu yana da kalsiyam da sinadarin ƙarfe shi ma, ga saurin dahuwa. Yakuwa, ko sure, da lalo da karkashi da gasaya duk suna cikin dangin. Ka'idar mai sauƙi ce: ganyen da korensa ya fi duhu yawanci ya fi amfani. Shi ya sa latas da kabeji, duk da su ake yi wa kallon kayan 'yan birni a kan faranti, ba su kama ƙafar zogale da alayyahu ba wajen sinadarin ƙarfe. A ci su, suna da nasu amfanin, musamman kabeji mai bitamin C. Amma kada ki kashe kuɗin ganye dami uku a kan kabeji ƙwaya ɗaya don a ce kin waye. Ko a jikin albasa, lawashin da wasu ke yarwa ya fi ƙwallon albasar bitamin A da C nesa ba kusa ba.

Wata magana kuma a nan, tunda saƙonni suna yawo a WhatsApp: zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya warkar da ciwon sukari, ba ya warkar da hawan jini, ballantana cututtuka ɗari uku da ake lissafawa. Wanda likita ya ɗora kan magani ya ci ganye ya kuma sha maganinsa. Abin da aka tabbatar shi ne mutanen da ke yawan cin kayan lambu sun fi samun sauƙin hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu da harzar da ke gyara ciki, wadda ita ce kuma maganin farko na taurin bayan gida da ke tayar da basir. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne ya kamata ya tambayi likitansa kafin ya yawaita, domin fotasiyam ɗin na iya yi masa yawa. Mai juna biyu kuma ta tsaya ga ganyen zogale, ta bar saiwarsa da ɓawonsa.

Ido, da jinin mai ciki

Kin san dundumi. Yaro yana wasa lafiya da rana, da magariba ta yi sai ya fara tuntuɓe, ya kasa gane kwanonsa a tsakar gida. Mata masu ciki ma suna samun sa a watannin ƙarshe, har wasu sun ɗauka al'adar ciki ce. Alama ce ta ƙarancin bitamin A, kuma ido shi ne abin da ake gani kawai. Bitamin A ne ke ƙarfafa fatar cikin hanji da ta huhu, don haka yaron da ya rasa shi, ƙyanda da gudawa sun fi yi masa mummunan kamu. Dalilin da ya sa ke nan ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A a baki duk bayan wata shida, a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Ki kai naki a ɗiga masa. Tsakanin ɗigo da ɗigo kuma, aikin tukunya ne: karas, kabewa mai jan ciki wadda ake kira kabushi, koren ganye, mangwaro a lokacinsa, manja, da dankalin Hausa mai cikin ruwan lemo idan kin same shi. Karas ɗaya madaidaici, an dafa shi da ɗan mai, ya isar wa ƙaramin yaro buƙatarsa ta bitamin A ta yini.

Ga mai ciki, koren ganye yana da wani sinadari da ake kira folet. Shi ne ke taimakawa ƙashin bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa su haɗu daidai, kuma wannan haɗuwar tana kammala ne a cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da shi ba. Don haka cin ganye ba sai ciki ya fito ake fara shi ba. Amarya da mai shirin yaye su ne ya fi kamata su riƙe shi. Duk da haka, in faɗa miki gaskiya, ganye shi kaɗai ba zai cike buƙatar mai ciki ta sinadarin ƙarfe ba, buƙatar ta yi yawa. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo dole ne, kullum, har bayan haihuwa yadda ma'aikaciyar lafiya ta ce. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kai ta ga halaka. Idan suna tayar miki da zuciya ki gaya wa ma'aikaciyar, akwai dabarar shan su, kada ki zuba su a bayan gado.

Inda amfanin ke zubewa

Ana iya sayen ganye mai kyau a kashe shi a tukunya. Hanya ta farko ita ce ruwa. A cika tukunya, a dafa zogale har ya yi baƙi, a tsiyaye ruwan a kwata, a matse ganyen kamar wanki. Bitamin C da folet da fotasiyam masu narkewa a ruwa ne, da yawansu sun bi wancan ruwan. Ki sa ruwa kaɗan, ki bari ya tafasa kafin ki zuba ganyen, ki rufe, ki sauke da zarar ya yi laushi. Ruwan da ya rage na zogale ko alayyahu ki juye a miya. Turarawa ta fi duka, shi ya sa dambun zogale ya fi dafaffensa riƙe amfani. Tafasa da rama dole a zubar da ruwansu don ɗaci da tsami, wannan babu laifi, sai ki rama abin da ya tafi da ɗanyen tumatir da lemun tsami a kai. Alayyahu kuma a ƙarshen miya ake zuba shi, minti kaɗan ya ishe shi. A wanke ganye kafin a yanka, kada a yanka a jiƙa.

Tumatir ne ya saɓa wa sauran. Dafa shi da mai yana rage bitamin C ɗinsa, amma yana fito da jan sinadarin da ke cikinsa yadda jiki zai fi amfana. Don haka miyar dage-dage ba asara ba ce, a ci dafaffe a kuma ci ɗanye.

Hanya ta biyu ita ce kanwa. Na san ba a raba Bahaushiya da kanwa, ita ke sa kuɓewa yauƙi, ta kashe tsamin yakuwa, ta sa wake ya nuna da wuri a lokacin da icce ya yi tsada. Amma kanwa tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, kuma tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ki rage ta iya yadda za ki iya. Wake idan an jiƙa shi tun dare ba ya buƙatarta. Gishirin ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ɗaukar miya ba sai an jefa dunƙule huɗu ba.

Sai shayi. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke ɗaure sinadarin ƙarfe a cikin ciki ya hana shi shiga jini. Mai ƙarancin jini kada ta kora kwaɗo ko ƙwayar ƙarin jini da shayi, ta ba da tazarar awa ɗaya ko fiye. Akasin haka, ɗan kifi busasshe ko 'yar tsokar nama a cikin miyar ganye, ko ba yawa, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen ganyen.

Kwanon ƙaramin cikinsu

Wata shida na farko nono ne zalla, ko ruwa ba a ba shi. Wannan ba ya canzawa, ko da zafin Afrilu ya haura digiri 40. Ke za ki sha ruwan, shi ya sha nono.

Daga wata shida ne ake yawan yin sake. Abin da aka saba shi ne kunu tsararo, gero da ruwa da sukari, a ɗura wa yaro har cikinsa ya yi tim. Cikin jariri ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi babu wurin abinci. Masana suna auna abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 da rukuni takwas: nonon uwa, hatsi da su dankali, wake da gyaɗa, madara da nonon shanu, nama da kifi, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Ana so ya samu aƙalla biyar a yini. A binciken 2018 ɗin nan, ƙasa da yaro ɗaya cikin huɗu ne ke samun haka a Nijeriya. Ki lura, rukuni biyu cikin takwas ɗin na lambu ne, kuma su ne mafi arha. Yaron da ke shan nono da kunun gyaɗa yana da uku. Ki dama masa dafaffiyar kabewa ko ƙaramin cokali na garin zogale a ciki, ya zama huɗu. Ki murƙushe masa ɗan tumatir da ya dahu a miya ko ayaba, ya zama biyar, ba ki sayi ko gwangwani ɗaya daga kanti ba.

Kunun ya yi kauri yadda idan kin karkata cokali ba zai zube nan take ba. Ki fara da cokali biyu zuwa uku, sau biyu zuwa uku a yini, ki ƙara a hankali; daga wata tara sau uku zuwa huɗu. Ki ɗebi nasa kafin ki sa barkono da gishiri da dunƙule. Zai tofar a ranar farko, ya yamutsa fuska kamar an zalunce shi. Ba ƙiyayya ba ce, baƙunta ce, wani yaron sai an gwada masa sau goma kafin ya karɓa. Idan uwar miji ta ce ganye zai sa shi gudawa, kada ki yi musu da ita a tsakar gida. Ki ce mata, “Inna, a asibiti suka ce a gwada masa kaɗan-kaɗan, ga shi na dafa ya yi laushi, ko za ki ba shi da hannunki?” Kaka da ta ciyar da jika da hannunta ba ta cika komawa ta soki abincin ba. Kuma idan kin ga koren bayan gida bayan ya ci ganye, launin ganyen ne.

Amma idan yaro ya rame har hannunsa ya zama siriri, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya daina cin abinci, wannan tamowa ce, ta wuce zogale. A kai shi asibiti a auna damtsensa a ba shi abincin magani. Haka idan kin ga gyambo a dasashinsa, bakinsa yana wari, kumatu ya kumbura: a tafi ranar, kada a kwana. Akwai cutar da ke cin fuskar yaran da rashin abinci ya raunana cikin 'yan kwanaki, kuma a garin Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe dominta tun 1999. Idan an kama ta da wuri, magani yana tsayar da ita.

Wanki kafin ci

Abin da za a ci ɗanye, latas da tumatir da karas da kokwamba da yalo, ya bi ta hannaye da yawa, wani an yi masa ban ruwa da ruwan da ba ki san asalinsa ba, an kuma yayyafa masa wani a kasuwa don kada ya yi yaushi. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Ki wanke hannunki da sabulu, ki ware latas ganye-ganye, ki wanke da ruwa mai tsabta kina canza shi sau biyu ko uku, ki kankare bayan karas. Gishiri ko ruwan tsami na kwalba yana taimakawa, amma ba ya mayar da gurɓataccen ruwa mai tsabta. Lokacin da ake annobar amai da gudawa a gari, a dafa komai, musamman na yara. Idan maigida manomi ne, ki tuna masa kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi, waɗanda ake jira kafin a tsinki amfanin. 'Ya'yansa ne farkon masu ci.

Tanadin bazara

Matsalar kayan lambu a ƙasar nan ta lokaci ce. Daga Janairu zuwa Maris tumatir har ruɓewa yake yi a kwando, a 'yan shekarun nan ma azumi yana faɗowa daidai lokacin arhar. Daga Mayu zuwa Yuli kuma fadama ta ɗauke, ganyen damina bai kankama ba, kwandon da aka yi ta roƙon ki saya ya zama sai mai hali. A wannan tsakanin ne kuma hatsi ke ja baya a rumbu, yara suka fi ramewa.

Kauɗar tumatir da busasshen tattasai da gabu ba baƙi ba ne a wurinki. Abin da ya kamata a gyara shi ne yadda ake shanya ganye. Rana tana cinye sinadarin bitamin A da ke cikinsa, shi ya sa kukar da aka shanya a rana take fita fari-fari, wadda aka shanya a inuwa kuma take zama kore shar. Ki wanke zogale ko alayyahu ko lalo, ki baza a kan tabarma mai tsabta ko faifai a ɗaki mai iska ko ƙarƙashin rumfa, ki rufe da ƙyalle mara kauri saboda ƙura da kaji. Da iskar hunturu kwana uku zuwa huɗu ya isa. Idan ya bushe har yana karyewa, ki daka, ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi, ki ajiye inda haske ba ya kai wa. Bitamin C ba ya tsira daga shanya, amma sinadarin ƙarfe da kalsiyam da furotin suna nan. Cokali biyu na garin zogale a cikin miyar kuka ba ya canza mata ɗanɗano sosai, mai gardamar gidan ma ba lalle ya gane ba.

Wadda ba ta fita kasuwa kuma tana iya kawo lambun cikin gida. Zogale yana kamawa daga iri ko daga reshe, yana jure fari, kuma ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi. Idan ya kai tsayin ƙirjinki ki datse kansa, zai yi rassa ya cika da ganye inda hannu ke kai wa, maimakon ya miƙe sama ya bar ki da sanda. Alayyahu a tsohon buhu ko fasasshen bokiti, da ƙasa da takin awaki da ya huce, mako uku zuwa huɗu kin fara tsinka. Babbar abokiyar gabarki akuya ce, sai ki kewaye da ƙaya ko guntun zana tun ranar farko.

Saura maganar maigida, tunda a mafi yawan gidajen shi ke cefane, shi kuma ke yanke shawarar abin da zai hau mota. Kada ki bari sai ranar da aka loda kaya. Tun ana ɗiba ki ce masa, “Maigida, a cikin na bana a bar mana kwando ɗaya na tumatir da rabin na tattasai in yanka in shanya, da lawashin da za a zubar.” Ki yi masa lissafin abin da ya kashe wajen sayen kayan miya a watan Yunin bara, shi da kansa zai ce a bar biyu. Ki zaɓi tumatir mai tauri wanda bai fashe ba, ki yanka shi biyu ko huɗu, ki baza a kan tabarma a saman rumfa, ba a ƙasa ba, ki riƙa juyawa har ya bushe ƙayau kafin ki ɗure a buhu.